Ranar da Na Zubar da Ruwan Shinkafa da Zafinsa

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Yamai daga Maraɗi ina amarya, Babbar Kasuwa ce iyakar tafiyata, ita ma sai in babu wanda zan aika. Gidanmu yana nan bayan otel ɗin Gaweye, inda in iska ta juyo da yamma kana jin warin kogi da hayaniyar motoci a kan gada. Lakkol, wato makarantar boko, aji uku na yi aka cire ni. Sauran abin da na sani duk da kunne na tsince shi ina tsakar gida, wajen mai ga-ruwa, wajen mata masu zuwa aron turmi, da radiyon maigida da ba ya kashewa ko yana barci. Maigida yakan ce in aka yi raɗa a hayin kogi, ni zan ba da labarinta kafin la'asar.

Shekarar da damina ta gaza ita ce shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki. Ina tsince shinkafa a faifai da rana tsaka muka ji harbe-harbe, kaji suka watse, na shige ɗaki da faifaina a hannu ban zubar da ko ƙwaya ba. Da yamma radiyo babu komai sai kiɗan soja. Abin da na riƙe na lokacin shi ne, kafin su zo ba a faɗin kalmar yunwa a radiyo, sai a yi ta kewaye-kewaye, a ce ƙarancin cimaka ne a wasu wurare. Da suka zauna sai suka kira ta da sunanta. Mu dai ba mu jira radiyo ya gaya mana ba, don yunwa ta riga ta sauka a ƙofar gidanmu cikin motar garin Tawa.

Yayar maigida ce ta zo daga ƙauyensu, da surukarta, da jinjira mace a goye wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Uban yarinyar ya tafi cin rani tun kaka, babu labarinsa. Yaya, haka nake kiranta kamar yadda maigida yake kiranta, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tsohuwa ce doguwa, busasshiya, in ta zauna kan tabarma bayanta a miƙe kamar an sa mata sanda. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Ranar da ta zo ta kwance bakin zanenta ta ba ni ɗan ƙullin daddawa, shi ne duk abin da ya rage mata a ɗaki, ta ce ba za ta shigo gidan ƙanenta hannu rabbana ba. Sai dai ba ta saba a ce mata a'a ba. Surukar kuwa yarinya ce mai kunya, in ka yi mata magana sai ta kalli yatsun ƙafarta.

Abincinmu ya koma shinkafa, rana da dare. A wurin sayar da hatsi da rahusa, kafin layi ya kawo kanka gero ya ƙare, sai shinkafa karyayya a buhu. Ita maigida yake samowa. Ɗan geron da nake saya tiya-tiya a kasuwa na furarsa ne kawai, don tun da na san shi bai taɓa dawowa daga biro, wurin aikinsa, da azahar ya tarar babu fura ba. Ko ranar da na haihu maƙwabciya ce ta dama masa.

A gidan muna da ƴar haya, malama daga Damagaram mai koyar da kimiyya a lise, makarantar sakandare. Madam muke ce mata. Wata Lahadi ƙawarta ta zo tana yi mata kitso a gindin dogon yaro, suna hira rabi Faransanci rabi Hausa, ni kuma ina wanke-wanke kamar ba na nan. Faransancin ya wuce ni, amma na cafke kalmomi uku: shinkafa, yara ƙanana, da wata kalma da suka yi ta maimaitawa, arsenik. Na bari baƙuwa ta tafi, na ɗauki kujerata na je na zauna kusa da ita na ce ta gaya mini da Hausa, kada ta rage mini komai don ban yi nisa a lakkol ba.

Ta yi dariya ta ce dama ta san kunnena yana wurin. Ta ce wata irin guba ce da Allah ya halitta cikin ƙasa da ruwa a wasu wurare, kuma shinkafa ta fi sauran hatsi shan ta, saboda ita cikin ruwa take tsayawa tun daga dashe har ta nuna. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Ba ta kashe mutum yau ko gobe, a hankali take ɓarna in aka daɗe ana ci, kuma ƙaramin yaro ya fi babba cutuwa don jikinsa ƙarami ne. Na tambaye ta ko tana cikin buhunmu. Ta ce ba ta sani ba, ba za ta yi mini ƙarya ba, sai an kai wurin awo, kuma ba ta san inda za mu kai ba. Wani buhu da yawa, wani kaɗan. Amma akwai dabarar da ke rage ta. A jiƙa shinkafar ta kwana, a wanke har ruwa ya yi haske, a dafa ta cikin ruwa mai yawa kamar za a dafa taliya, in ta nuna a tace, a zubar da ruwan. Ta ce ba duka yake fita ba, amma abin da ya fita yana cikin ruwan nan, don haka kada kowa ya sha shi.

Mu da can da ruwa daidai muke dafawa, ya tsotse a tukunya, babu abin zubarwa. Washegari na canza. Ba don na fahimci kimiyya ba. Na dai san Madam ba ta da ribar da za ta ci in na wahala, kuma mutumin da ya iya cewa bai sani ba a wuri ɗaya, ina yarda da shi a inda ya ce ya sani.

Aikin ba ƙarami ba ne. Lokacin zafi ne, pompo yana ɗaukewa tun hantsi, sai mai ga-ruwa ya kawo bido biyu, jarkokin ruwa, a kura. Ruwan wankin shinkafa nakan tara shi a yayyafa tsakar gida kafin shara. Maigida ya ci loma biyu ranar farko ya ce yau shinkafar kamar auduga. Na ce ya ƙara miya. Ya sake magana washegari, na ƙara masa yaji da soyayyar albasa, ya daina ƙorafi.

Sai batun ruwan tata. In ka tace shinkafa karyayya, ruwan da ke fita fari ne mai kauri, kamar kunu mai ruwa-ruwa, yana tururi. Uwata ta hore ni tun ina ƙarama cewa ba a zuba ruwan zafi a ƙasa. Akwai waɗanda muke zaune da su ba ma ganinsu, suna da ƴaƴa kamar yadda muke da su, in ka ƙona ɗansu ba za su bar naka ba. Duk matar da na sani haka aka hore ta. Don haka sai in tace a baho, in ajiye bayan madafa ya huce, da la'asar in zubar a kwata.

Na fara lura ruwan yana raguwa. Na ce ko kaji ne, ko surukar Yaya ce take taya ni zubarwa cikin kunyarta ba ta faɗa ba. Kunne ne ya gaya mini gaskiya. Wata rana bayan azahar gida ya yi tsit, kowa ya kishingiɗa, sai na ji ƙarar cokali yana taɓa kofin silba a ɗakin baƙi, a hankali, kwas, a ɗan jima, kwas. Ba lokacin abinci ba ne. Na ji kuma haɗiyar jinjira. Na ɗaga labule na tarar Yaya ta ɗora yarinyar a cinya tana ba ta farin ruwan nan, ta sa masa ɗan sukari. Uwar tana gefe kanta a ƙasa. Ashe nononta ya ja baya tun suna ƙauye, ta kasa gaya mini.

Na zauna a bakin tabarma na yi magana da ladabi, Allah shi ne shaida. Na maimaita mata duk abin da Madam ta ce. Ta saurare ni har na gama, cokalin bai tsaya ba. Sannan ta ce a garin da ta baro mata suna tone gidan tururuwa don su sami tsabar da za su dafa, ta zo birni ta tarar ana dafa kunu ana ajiye wa kwata. Ta ce tun ranar farko da ta ga ruwan nan a baho zuciyarta ta ƙi kwanciya. Na ce mata ai ko a ƙauye in an jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan da ake ci in yunwa ta yi tsanani, ruwan jiƙon zubar da shi ake yi, babu mai ba yaro.

«Anza tana faɗa da bakinta,» in ji ta. «Ɗacinta shi ka gaya miki. Wanga mi ya ce miki? Gubar da ba a gani, ba a ji, ba ta kashewa yau, wannan ƙoshi ne na ƴan birni. In guba ce, don mi kike ba mu shinkafar?»

Na ce don babu wani abin, kuma tatar da nake yi don in rage ne. Ta ce to ita ma don babu wani abin ne. Yarinyar kuwa ta daina kukan da take yi, ta yi barci cikinta a cike, ni kuma abin da nake tsoro ba zan iya nuna shi da yatsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da hannuna na tara shi. Da can yana warwatse cikin tukunya, manya huɗu muna rabawa. Yanzu na tace shi na tara wuri ɗaya, ana ɗura wa mafi ƙanƙanta a gidan. Na koma wajen Madam. Ta dafe kai. Ta ƙara mini da cewa ko babu arsenik, ruwan shinkafa ba abinci ba ne ga jinjiri, cika ciki yake yi babu ƙarfi, yaro ya ƙi kama nono, nonon ya ƙara ƙafewa. Ta ce uwar ce ke buƙatar ci, yarinyar kuma a fara mata kunun gero da gyaɗa. Ta so ta je ta yi wa Yaya bayani da kanta, ta kuma je, ta durƙusa ta gaishe ta. Yaya ta karɓe ta da fara'a, ta tambaye ta ƴaƴanta nawa. Madam ta ce tukuna. Yaya ta ce Allah ya kawo masu albarka, ta ce ita goma sha ɗaya ta yaye. Nan maganar ta mutu.

Na kai wa maigida ƙara bayan ya sha furarsa. Ya daɗe yana juya ludayi cikin ƙwarya. Ya ce ya ji, kuma wataƙila ina da gaskiya, amma matar nan a bayanta ya yi wayo, ba zai iya buɗe baki ya ce mata ba ta iya renon jikarta ba. Ya ce in yi haƙuri, in bi a hankali, baƙi ne, damina na sauka za su koma. Na ce yarinyar ba ta san ita baƙuwa ba ce, ciki kawai ta sani. Ya ƙara wa radiyo murya.

Na gwada dabaru. Na sa bahon cikin madafa na ja ƙyaure. Yaya ta buɗe, don babu ƙofar da ake rufe mata a gidan ƙanenta. Na yi tunanin barbaɗa omo a ciki, sai na tuna idonta ba ya gani sosai, tsoro ya kama ni kada ta ɗiba haka nan. Na canza lokacin girki. Ita kuwa tsohuwa ba ta da aikin da ya wuce kallona. Daga baya ma ta daina ɓoyewa. Da ta ji ƙamshin shinkafa ya tashi sai ta jawo kujera ta zauna a ƙofar madafa da ƙwaryarta a cinya, tana jan carbi, tana ba ni labarin mutanen ƙauye da ban sani ba, wa ya sayar da jakinsa, wa ya rufe gida ya tafi kudu. Ina son hirarta, wannan shi ne abin haushin. Ni mai son magana ce, ita ma haka, da ba don ruwan nan ba da mun yi zaman daɗi.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, rana ta take. Na sauke tukunya, na ɗora kwandon tata a kan baho. Kafin in karkata tukunyar sai ga Yaya ta miƙe, ta ture bahon da ƙafa, ta tara ƙwaryarta a ƙarƙashin kwandon. Ta ce in zuba nan, a daina wahalar da kai da juye-juye. Surukarta tana tsaye da yarinyar a kafaɗa. Madam ta dawo daga lise ke nan tana cire takalmi a ƙofar ɗakinta. Mai ga-ruwa yana juye bido a randa.

Na dubi ƙwaryar, na dubi wuyan yarinyar, siriri kamar na ɗan tsako. Na ɗauke kwandon da hannu ɗaya, na rungumo tukunyar da tsumma, na fito tsakiyar gida inda kowa zai gani. Na ajiye kwandon kan duwatsu biyu. Na yi bisimilla da ƙarfi, na ce duk wanda ke nan ya janye ɗansa, na juye. Ruwan ya bi ƙasa yana tafasa, ƙasa tana shan shi tana ƙara, tururi ya taso ya rufe mini fuska. Ban taɓa yin haka ba tun da uwata ta haife ni.

Mai ga-ruwa ya ajiye bidonsa ya fita bai tsaya sallama ba. Yaya ta daɗe tana kallon wurin da ya jiƙe. Da ta yi magana muryarta ƙasa-ƙasa ce. Ta ce na ƙona masu wuri da rana tsaka, lokacin da suka fi yawo, duk abin da ya sami gidan nan in san inda ya fito. Sannan ta ce abin da ya fi wannan, na zubar da abinci a shekarar yunwa a gaban wadda ta baro mayunwata.

«Jikata ce,» ta ce.

«Jikarki ce, Yaya. Tukunyata ce. Daga yau abin da ya fito cikinta a ƙasa zai kwana, da zafinsa.»

Ta tambaye ni to mi yarinyar za ta sha, iska? Kamar ta ji, yarinyar ta fara kuka, irin kukan nan siriri da ba ya da ƙarfin tashi sama. Maganar Yaya gaskiya ce, hana ruwan kaɗai ba zai cika mata ciki ba. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙullun geron da na daka tun safe na furar maigida, na raba biyu. Rabi na dama kunu mai laushi da gyaɗa na tace shi sosai. Rabi na dama fura da nono na miƙa wa uwar, na tsaya a kanta har ta shanye, tana sha tana hawaye don kunya. Yarinyar ta tofar da cokali na farko, ta tofar da na biyu, ta saba da sukari. Na zauna da ita a cinya ina yi mata surutu har ta karɓi kaɗan.

Maigida ya dawo, ya cire hula, ya zauna inda ya saba, ya jira. Na kawo masa ruwan randa da shinkafa. Ya duba bayana ko akwai wani abu tafe. Na ce masa furarsa tana cikin mutum biyu a ɗakin baƙi, kuma gobe ma can za ta, da jibi, har Allah ya kawo sauƙi. Ya ce da na tambaye shi. Na ce na tambaye shi wani abu rannan, radiyo ya ba ni amsa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya sha ruwan, ya ci shinkafarsa. Da yamma na ji Yaya tana gaya masa komai a zaure, shi kuma babu abin da yake cewa sai to, Yaya, to, Yaya.

Daga ranar ta daina yi mini magana. In tana son abu sai ta ce wa surukarta, ki gaya wa matar gidan, alhali ina tsaye gabanta. Ni kuma kullum in gaishe ta da safe har ƙasa, in kai mata ruwan alwala, da rana in yi bisimilla in sheƙa ruwan zafi a tsakar gida. Kada a ɗauka ba na tsoro. Cikin makon ƙafata ta hagu ta kumbura, zakaranmu ya mutu ba ciwo, randa ta tsage. Kowanne Yaya ta lissafa shi a kaina, ta hanyar surukarta. Ni ma da na ga ƙafar nan na shafa man zafi na yi ta addu'a. Labari ya fita unguwa. Maƙwabciyarmu Bazabarmiya ta shigo da fofo ɗinta, gaisuwarsu ta Zabarmanci, wai ta zo aron rariya, ta zauna har ta ga na juye tukunyar da idonta, ta tafi ba ta ɗauki rariyar ba. Wata tsohuwa ta aiko a gaya mini in ba na tsoron Allah in ji tsoron waɗanda ba a gani. Na ce a gaya mata ina sanar da su kafin in zuba, suna da kunne, su kauce. Jinjira ce ba ta iya kaucewa.

Kunun ya karɓi yarinyar a hankali. Ba zan ce ta yi ƙiba ba, shekarar ba ta ƙiba ba ce, amma kukanta ya yi ƙarfi har yana hana Madam gyaran takardun ɗalibai, kuma nonon uwar ya dawo har ta fara jiƙa gaban riga. Maigida ya rame kaɗan, yana dawowa da azahar ya zauna ya yi ta kallon ƙusar da ake rataye ludayi. Wata rana sai ga shi da tiyar gero a leda ya ajiye bakin madafa. Na zaci ta furarsa ce, na tambaya. Ya ce wa ya ce miki, ya wuce.

Yaya ce ta gaji da ganin tururi yana tashi daga ƙasa. Kullum in na ɗauko tukunya sai ta shige ɗaki ta toshe kunne tana karanto abin da ta sani. Wata safiya ta aiko surukarta, alhali ita Yaya tana zaune taku kaɗan daga inda nake, cewa a gaya wa matar gidan ta daina ƙona bayin Allah. A ba ta ruwan a baho kamar da. Ta ɗauki alkawari ba zai shiga bakin yarinyar ba, ba zai shiga bakin kowa ba. Na ce a tambayar mini ita me za ta yi da shi. Ta ce a gaya mini ba ruwana. Na ce to a gaya mata ina so in ji alkawarin daga bakinta, ba daga bakin aike ba. Ta juyo ta dube ni a karo na farko cikin kwanaki masu yawa.

«Na rantse da wanda ya halicce ni. Kin ji, ko in ƙara?»

Na ce na ji. Duk abin da za a faɗa a kan Yaya, ba ta taɓa rantsuwa ta karya ba.

Ashe kayan wanki ta nufa, ta yi musu sitaci da shi. Ta tattaro rigunan maigida da hulunansa ta tsoma cikin ruwan, ta shanya, ta aika aka yi guga. Ranar Juma'a ya fito za shi masallaci babbar rigarsa tana tsaye da kanta, in ya ɗaga hannu tana ƙara kamar ana yaga kwali, ƙudaje suna rakiyarsa har ƙofa. Da rigunansa suka ƙare ta koma kan labule, da zannuwan gado, da kallabin surukarta. Madam ta fara ɓoye kayanta in ta shanya. Ruwa yana fita kullum, dole kullum a sami abin tsomawa. Ba ta taɓa yarda akwai wata guba a ciki ba. Takan ce wa surukarta, da ƙarfi don in ji, abinci ne ake ba tufafi, amma gara riga ta ci da kwata ta ci.

Da ruwan farko ya sauka, aka aiko daga ƙauye an yi shuka, ta ɗaure kayanta. Na kwana biyu ina tunanin yadda zan roƙe ta ta bar mini yarinyar da uwarta har kaka, don na san abin da ke jiransu can kafin hatsi ya nuna. Na shirya maganganu iri-iri, na shirya har da faɗa in ta ƙi. Da safen tafiyar taksi yana ƙofa, maigida ya ɗauki jakarta, sai na ga surukar ba ta ɗaura goyo ba, tana tsaye da tsintsiya. Yaya ta tsaya a zaure ta ce wa ƙanenta, ba ni ba, su biyun nan za su zauna sai an yi girbi. Ta ce a can babu mai hana maigida furarsa saboda ɗiyar wani.

Na bi ta har bakin mota na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta gyara zama, ta ja ƙofa, ta leƙo ta taga ta ce kunun da nake dama wa yarinyar ya cika ruwa, in ƙara masa gyaɗa.